Shu'ibu Mai Sanda a Cikin Gargadar Iska

A unguwarsu da ke gabashin Haɗeja, idan aka ce Shu'ibu mai sanda ba a sake tambayar wane Shu'ibu. Dogon mutum ne siriri, marar yawan magana, ya ba shekara sittin baya. Iyayensa makiyaya ne, shi ma a bayan shanu ya buɗe ido, amma tun yana saurayi mahaifinsa ya kafa gida a cikin gari suka zauna. Yanzu yana da gonar shinkafa a fadama, da ta gero a tudu, da 'yan shanun da ba su isa a kira su garke ba. Sandar da ake masa laƙabi da ita ta gora ce, ta ɗara shi tsawo, gindinta ya yi baƙi saboda daɗewa a cikin laka.

Hali ɗaya aka san shi da shi: ba ya barin nasa su shiga abin da shi bai fara shiga ba.

Halin yana da asali. Wata shekara da ruwa ya cika har ya shafe hanyoyin Kirikasamma, suna dawowa da shanu da yamma suka iso wani mashigi da suka saba bi. Yayansa Haris ya san wurin kamar tsakar gidansu, ko da safiyar ranar ma ya bi ta nan, ruwa iya cinya. Don haka bai tsaya dubawa ba, ya kora shanu ya bi bayansu yana fito. Ashe tsakanin safe da yamma ruwan ya ƙwaƙule yashin ƙasa ya yi rami. Shu'ibu yana tsaye a gaɓa ya ga kan yayansa ya nutse, ya ɓullo, ya sake nutsewa. Sai washegari masunta suka same shi a cikin kacala, doguwar ciyawar nan da ke cike bakin ruwa.

Bayan an yi masa sutura, mahaifinsu bai yi dogon jawabi ba. Ya yanko gora ya miƙa wa Shu'ibu, ya ce masa daga yau kowane ruwa ne, ko wanda ya sani, ya fara shiga da wannan, ya taɓo ƙasa, sannan ya kira na bayansa.

Shu'ibu ya riƙe maganar fiye da yadda tsohon ya yi nufi. Da aka haƙa rijiyar burtsatse a unguwa, shi ya fara shan ruwan, ya sa mutanen gidansa suka jira har yamma a ga ko cikinsa zai yi wani abu. Da masu ɗigon rigakafi suka zo, ya tsaya a bakin zaure ya buɗe baki. Ma'aikaciyar ta ce na yara ne, ya ce ya ji, a fara ɗiga masa. Babur ɗin da babban ɗansa ya saya, sai da Shu'ibu, wanda bai iya tuƙi ba, ya hau bayan wani aka zaga da shi kasuwa aka dawo. Matarsa Yelwa takan ce har taliyar yara sai da ya ɗanɗana kafin jikokinsa su ci.

Mutanen unguwa suna dariya, amma suna cewa jarumi ne. Yelwa ta san ba haka ba ne. Ita ce ke miƙa masa kofi ko hula a irin waɗannan lokuta, kuma duk sa'ad da hannunta ya taɓa nasa sai ta ji shi sanyi ƙalau, ko da a tsakiyar bazara ne. Ruwa kuwa shi ne babban abin tsoronsa. Ya yi shekaru yana noma a fadama, bai taɓa sakin jiki da ita ba. Yana gama aiki yake haurowa tudu, sai ƙafarsa ta taka busasshiyar ƙasa sannan ya yi magana da mutane.

Autarsa, Adila, ita ce ta yi dogon karatu a gidan. Ilimin yanayi ta karanta a jami'a. Wadda ta ja ta zuwa wannan fanni ita ce Esta, 'yar Malam Iliya, wani malamin makaranta mutumin kudancin Kaduna da ya yi shekaru yana maƙwabtaka da su. Esta ta girma tana shan furar Yelwa, ta sha goyon Adila a bayanta. Yanzu ana ce mata Dakta, tana jagorantar wasu masu bincike. A wata bazara ta dawo Haɗeja da tawagarta da wani ƙaramin jirgin sama, aka ajiye shi a filin sauka da ke bayan gari, ta kuma ɗauki Adila aiki.

Shu'ibu ya ɗauka aikin na zama ne a gaban kwamfuta. Sai wata la'asar, yana zaune a gindin darbejiyar tsakar gida, Yelwa tana dama fura, Adila ta zo ta durƙusa gefen tabarmarsa.

"Baffa," ta ce, don haka 'ya'yansa ke kiransa, "an ba ni kujerar baya."

"Ta wace mota?"

"Ta jirgin."

Yelwa ta tsayar da ludayi. Adila ta yi bayani a hankali. Jirgin zai riƙa tashi ƙasa-ƙasa, yana ratsa fadama zuwa tudu yana dawowa, yana auna gargadar iska, wato wannan girgizar da ke kama jirgi a sama. Dole sai da mutum a baya mai lura da na'urori. Anti Esta ta zaɓe ta.

"Wato inda wasu jirage ke gudu, ku can kuke nema," in ji Shu'ibu.

"Ba mai tsanani muke nema ba, Baffa."

"Ita ta gaya muku ba za ta yi tsanani ba?"

Adila ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "In ka ce kar in hau, ba zan hau ba. Amma za a ba wani kujerar, ni in koma ofis ina jiran abin da wasu suka auno. Ba don wannan na yi karatun ba."

Shu'ibu ya daɗe yana kallon sandarsa da ke jingine da bango.

"Ban ce kar ki hau ba. Na ce ba kya hawa abin da ban hau ba."

"Malam," in ji Yelwa, "kai da ko tsani ba ka hawa sai mutum biyu sun riƙe maka?"

"Dama furarki, Yelwa."

Washegari Esta ta zo da kanta. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta durƙusa ta gaida su, ta karɓi ƙwaryar fura kamar ba ta taɓa barin unguwar ba.

"Baba, jirgin aiki ne, ba na fasinja ba."

"Na sani."

"Babu wurin miƙe ƙafa. Da zafi a ciki. Mutane masu ƙarfi suna amai."

"Ke ma kin sha ɗigon nan a gidan nan," ya ce. "Kin tuna wa ya fara buɗe baki?"

Esta ta yi dariya, ta dubi Yelwa tana neman taimako. Yelwa ta ce, "Kar ki kalle ni. Na yi shekara arba'in ina fama."

A ƙarshe Esta ta ce akwai tashin gwaji da za a yi kafin a fara aikin sosai, don a tabbatar na'urori suna lafiya, kuma ranar kujerar baya babu kowa. Za ta yi magana da matuƙin. In ya yarda, shi ke nan. In Baba ya sauko ya ce a'a, ita ba za ta ƙara tayar da maganar ba.

Matuƙin ya yarda.

Ranar gwajin, da hantsi, mai adaidaita sahu ya sauke Shu'ibu da Adila a bakin filin. Shu'ibu ya sha fura ya ƙoshi kafin ya fito, don a ganinsa ba a tunkarar abu mai wuya da yunwa. Rana ta riga ta fara dukan ƙasa. Jirgin yana tsaye shi kaɗai, fari, bai fi motar ɗaukar shinkafa girma ba. Shu'ibu ya zaga shi, ya ƙwanƙwasa jikinsa da yatsa, ya ji sautin kamar na gwangwani.

Matuƙin, Kyaftin Ezekiel, gajere ne mai furfura a gemu, mutumin Filato, bakinsa ba ya rabuwa da wasa.

"Baba, sannu da zuwa. An ce kai ne sufeto. Amma wannan sandar sai dai ta jira mu, in ta shiga ni zan fita."

Shu'ibu ya gwada da ido, ya ga gaskiya ne, ba za ta shiga ba. Ya juya ya miƙa wa Adila. Tun ranar da mahaifinsa ya ba shi ta farko, bai taɓa shiga wani abu hannu sake ba.

A ƙarƙashin fiffike akwai wani dogon ƙarfe da ya miƙe gaba, bakinsa da 'yan ƙananan huji. Esta ta nuna masa.

"Iska ba ta tafiya a miƙe, Baba. Tana hawa, tana sauka, tana murɗawa, kamar ruwa a bayan kututture. Wannan ƙarfen yana jin duk motsinta. Jirgin ma yana gaya wa kwamfuta nasa motsin, sai a cire na jirgi, abin da ya rage shi ne na iska. Da shi muke sanin yawan laimar da fadama ke ba sama, da zafin da tudu ke turawa. Masu hasashen damina suna buƙata, haka matuƙan da ke zuwa feshin tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi, tunda su ma ƙasa-ƙasa suke tafiya."

"Wato ita ce sandarku."

"Ita ce."

"To me take taɓowa?"

"Ba ta taɓo komai, Baba. Iska kawai."

Wannan amsa ba ta yi masa daɗi ba.

Suka zaunar da shi a kujerar Adila, gwiwoyinsa sun tokare bayan kujerar gaba. Aka ɗaure shi da bel ta kafaɗu da ƙugu, aka sa masa abin kunne da zai riƙa jin maganarsu. A gabansa akwai allon kwamfuta, wani koren layi yana tafiya a kai, a miƙe. Esta ta zauna gaba kusa da Kyaftin, ta waiwayo ta ce in iska ta yi gargada layin zai fara tsalle. Ta miƙa masa baƙar leda. Ya ce ba ya buƙata, ta ajiye masa a cinya.

Farfela ta fara juyawa. Ta taga ya hango Adila tsaye a inuwar wata 'yar rumfa, sandar ta fi ta tsawo sosai. Ya yi bisimilla, ya karanta duk abin da ya zo bakinsa. Jirgin ya ruga, ƙarar taya a kan tsakuwa tana hawa har cikin haƙoransa, sai kuma ƙarar ta ɗauke. Ya leƙa. Goruba tana ƙarƙashinsa.

Ya rufe ido. Da ya buɗe, ruwa ne.

Bai taɓa sanin fadamar ta kai haka ba. A ƙasa mutum yana ganin gonarsa ne da ta maƙwabcinsa, da kacalar da ta tare gaba. Daga nan kuwa ruwa ne ta ko'ina, yana ƙyalli a tsakanin koren shinkafar rani, rassan kogi suna rabuwa suna haɗuwa, tabkuna baƙaƙe waɗanda ba a ganin ƙasansu. Kwalekwalen masunta sun zama kamar ɓawon gyaɗa. Jirgin kuma ya sauko ƙasa-ƙasa, har yana ganin inuwarsa tana gudu a kan ruwan. In injin nan ya tsaya, babu gaɓa, babu tudu, babu wanda zai miƙo hannu. Kacala za ta rufe su, sai washegari masunta su zo nema.

"Can gaba Kirikasamma ce, Baba," in ji Kyaftin. "Ka gane gida?"

Ya gane. Ya ga inda kogin ya yi gwiwa, ya ga tsohuwar tsamiyar da ke gaɓa. Nan ne mashigin da ya ci Haris.

"Esta."

"Na'am, Baba."

"Ku fita daga kan ruwan nan."

"Baba, ai nan ne wuri mai daɗi. Dubi layin."

Layin yana tafiya kusan a miƙe, yana ɗan rawa kaɗan. Shu'ibu bai yarda da layi ba. Ya san ruwa. Ruwan da ya ci Haris ma a kwance yake lumui.

"Na ce ku hau tudu. Ga tudu can, ga gonaki. In faɗuwa ce mu faɗi a ƙasa."

Esta da Kyaftin suka dubi juna. Kyaftin ya ce, "Dama can za mu, amma na so ka ɗan saba tukuna. Rana ta yi zafi yau. Ka tabbata?"

"Ku hau tudu."

Jirgin ya karkata, ya nufi arewa. Koren ya fara ƙarewa. Shu'ibu ya ga jan yashi yana matsowa, gonakin gero da aka share ana jiran damina, itatuwan kuka tsirara, hanyar shanu. Ƙirjinsa ya fara sakewa. Har ya buɗe baki zai ce alhamdulillahi.

Sai wani abu ya daki jirgin daga ƙasa.

Ba ƙara ya ji ba, kujerar ce ta tura shi sama da ƙarfi kamar saniya ta sa ƙaho a ƙarƙashinta. Kafin ya gane, sai aka janye ta. Cikinsa ya taho wuya, bel ya cije masa kafaɗu. Fiffiken dama ya ɗaga, na hagu ya nutse, ya ga ƙasa ta taga inda ya kamata ya ga sama. Koren layin ya haukace, yana hawa yana sauka kamar haƙoran zarto.

"Ita ce wannan, Baba," in ji Esta, muryarta tana karkarwa da girgizar. "Yashi ya yi zafi, iskar da ke kansa tana tashi sama. A gefenta wata tana saukowa. Mu kuma muna ratsa su."

Bai fahimci rabin maganar ba. Hannunsa na dama yana ta laluben gefen kujera, yana neman gora, babu. Ya duba waje ko zai ga abin da ke dukansu. Babu komai. Sama tas, ko gajimare babu. A ruwa aƙalla mutum yana ganin inda ya yi baƙi, yana ganin inda yake juyawa. Nan rami ne a cikin abin da ba a gani. Can gefe ya hango ungulaye suna shawagi, suna hawa ba tare da kaɗa fiffike ba, daidai tsayin jirgin.

Furar ta taso. Ya sami ledar da ƙyar.

"Sufeto ya sa hannu," in ji Kyaftin, yana dariya. Ya ci gaba da ba da labarin wani babban mutum da ya taɓa ɗauka, wanda ya yi alkawarin ba shi mota in ya sauke shi lafiya. Yana tsakiyar labarin ya yi shiru.

Shirun ne ya fi komai tsorata Shu'ibu. Ya ɗaga kai. A gabansu, daga wata shararriyar gona, guguwa ta miƙe, ja, doguwa, tana juya kara da ganye da ledoji, kanta ya wuce tsayin da suke. Kyaftin ya kwantar da jirgin gefe don ya kauce, injin ya ƙara ƙara. Sun wuce jikinta, amma ba su wuce abin da ke kewaye da ita ba. Jirgin ya yi sama kamar an fizge shi da igiya, sannan ya faɗi.

Faɗuwar ba ta da ƙasa. Hular Shu'ibu ta bar kansa ta manne a rufi. Biron Esta ya tashi ya tsaya a iska a gaban fuskarsa. Wani abu a gaban Kyaftin ya fara kuka. A cikin abin kunne ya ji Esta ta ce, "Ya Yesu," a hankali, ba don kowa ya ji ba. Ya ga wata bishiyar kuka da ke ƙasa tana girma, yana iya ƙirga rassanta. Ya tuna kan Haris, yadda ya nutse, ya ɓullo. Ya tuna cewa wannan kujerar ba tasa ba ce. Ya yi kalmar shahada.

Sai kujerar ta dawo ta same shi da ƙarfi har haƙoransa suka haɗu. Kukar ta wuce ta ƙarƙashinsu. Hular ta faɗo masa a cinya.

Wata murya ta ce, "Ku koma kan ruwa. Don Allah ku koma kan ruwa." Sai da ta maimaita sannan ya gane tasa ce.

Kyaftin ya juya jirgin. Suka sha wasu 'yan duka kafin jan yashi ya ƙare. Da inuwar jirgin ta faɗa kan kore, girgizar ta ɗauke kamar an rufe ƙofa. Layin ya kwanta. A ƙarƙashinsu baƙin ruwa ne da kacala, kuma a kansu ne Shu'ibu ya sami numfashinsa.

Da suka sauka sai da Kyaftin ya kama shi ya fito da shi. Ya zauna a kan tsakuwa a inuwar fiffike. Adila ta taho da gudu, ta ga fuskarsa, ta tsaya nesa kaɗan.

"Wannan ta yau ba kullum ake samunta ba," in ji Kyaftin. Har yanzu bai koma wasa ba. "Amma ba zan ce maka ba a samunta ba."

Shu'ibu ya kurkure baki, ya kira Esta.

"Ramin nan da muka faɗa. Kun san inda yake?"

"Kwamfuta ta riƙe wurin daidai, Baba."

"To gobe ku kauce masa."

Esta ta durƙusa a gabansa. "Ba ya nan yanzu. Kafin mu sauka ya watse. Gobe wani ne, a wani wurin."

"In na riƙa zuwa da safe ina hawa kafin ita fa?"

"Iskar da za ka tarar ba ita za ta tarar ba. Ko mu juya yanzu mu koma, wata ce."

Ruwan da ya ci yayansa sai da ya ɗauki yini kafin ya canza. Wannan ko yinin ba ya jira.

A gida ya kwanta a gindin darbejiya, bai ci abinci ba. Adila ta jingine sandar a inda take zama, ta shige ɗaki. Maƙwabta suka yi ta sallama suna son jin labarin sama, Yelwa tana sallamarsu daga zaure. Sai da rana ta yi sanyi, bayan ya yi la'asar, ta zo ta tsaya a kansa.

"Malam, yarinyar nan tana jira. Gobe ne aikin."

Ya ce a kira ta. Ta zo da kofin ruwa, ta durƙusa.

"Na shiga," ya ce. "Ban taɓo ƙasa ba. Ba zan ce miki ga mashigi ba, don babu. Inda na ce ya fi aminci, can ne ya kusa kashe mu."

"To na fasa, Baffa."

"Ban gama ba." Ya gyara zama. "Na ɗauka zan shiga in duba miki hanya, ki biyo baya. Ashe wanda ke kan kujerar nan ba ya bayan kowa. Shi ne na gaba. Sauran mutane ne ke jira a gaɓa."

"To wa ta gado?" in ji Yelwa. "Ni dai ban taɓa buɗe baki a ɗiga mini maganin jarirai ba."

Bai kula ta ba. Ya dubi Adila. "Kina so?"

"Ina so."

"Ba kya tsoro?"

"Ina ji, Baffa. Tun ranar da aka gaya mini."

Ta miƙa masa kofin. Da ya karɓa, yatsunsa suka taɓa nata. Sanyi ƙalau, a wannan zafi. Ya riƙe kofin bai sha ba, ya daɗe a haka, har Yelwa ta juya baya tana gyara murhun da ba ya buƙatar gyara.

"Kar ki sha fura kafin ki hau," ya ce. "Ki ja bel ɗin har ya yi miki ciwo. In kin ga ungulu tana hawa ba ta kaɗa fiffike, ki riƙe kujera. In Kyaftin ya daina surutu, ki yi addu'a."

Aikin ya ci sauran bazarar. Kullum da hantsi Shu'ibu yakan ɗauki sandarsa ya tafi inda gonarsa ta tudu ta yi iyaka da fadama, ya tsaya. Jirgin yakan taho ta kan ruwa a miƙe, lafiya lau. Yana haurowa kan yashi sai a ga fikafikansa sun fara karkata, wannan ya ɗaga, wancan ya nutse. Manoman da ke kusa ba sa ma lura. Shi kuwa a cikinsa yake jin kowace faɗuwa, yana danna gindin gorar a cikin busasshiyar ƙasa har ta nutse. In guguwa ta tashi a wata gona, ko da nesa ce, bakinsa ba ya tsayawa har sai ta watse.

Mutanen unguwa sun ƙara masa girma, suna cewa har sama ya shiga ya dubo wa 'yarsa hanya. Ba ya gyara musu. Yelwa dai ta san ba ya karyawa sai ya ji ƙarar injin ta sauka a bayan gari, kuma tun daga wannan shekarar, in ya gama aiki a fadama ya hauro tudu, ba ya magana da kowa sai ya ɗaga kai ya duba abin da ungulaye ke yi.